Baba Filogi da Kaset ɗin da Ya Ƙi Kama Ɓarawo

Kafin kowa ya buɗe shago a layinmu, Baba Filogi ya riga ya share gaban rumfarsa, ya jera ƙananan injinan da aka kawo masa gyara: janareta, injin ban ruwa, injin feshi, duk mai shan fetur. Amma ba ya taɓa sifana sai ya yi abin nan nasa. Zai tayar da inji, ya ɗauko wata waya da ya nannaɗe a jikin guntun ƙarfe, ya jona ta da tsohuwar rikoda, ya maƙala abin sauraro a kunne, sannan ya riƙa kai wayar kusa da filogi yana janyewa, ido a lumshe. Wai ba ƙarar da mu muke ji yake ɗauka ba. Wai wutar da ke tartsatsi a cikin inji tana da tata muryar, kunne ba ya jin ta sai ta wannan waya.

Ƙarshen watan nan zai rufe rumfa. Hannu ya fara rawa, ido ba ya ganin ƙananan noti. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na gani, tun yana iya ji.

Ni na yi tuƙin babbar mota har furfura ta fito, kafin in zauna sayar da tsofaffin tayoyi daura da rumfarsa. Na ga mutane iri-iri, ban kuwa taɓa ganin mai yin abu kullum ba tare da akwai abin da yake ci a ciki ba. Don haka ban yarda da shi ba, kuma ba ni kaɗai ba. Mai walda ya ce hirarmu yake ɗauka yana kai wa hukuma. Tela ya ce akwai masu sayen kaset ɗin a ɓoye. Matar mai niƙa ta hana a kai masa injinsu, wai zuƙe ƙarfin inji yake yi ya zuba a kaset don ka sake dawowa gyara.

Ni gwada shi na yi. Yana cikin ɗauka na tsaya a kansa na zage shi tas, shi da rikodar, da ƙarfi. Sannan na taɓa kafaɗarsa na ce ya mayar da kaset baya in ji. Ya maƙala mini a kunne. Babu ni a ciki. Sai wani zuuu kamar ƙudan zuma a gwangwani, da ƙas-ƙas-ƙas mai ƙara sauri in an ba inji wuta.

Na ce, "Ina zagin da na yi?"

Ya ce, "Au, zagina ka yi, Direba? To maimaita, yanzu na cire kunne."

Na koma wajen tayoyina ina cewa a raina, ai wataƙila akwai wata rikodar a ƙarƙashin benci.

Ana nan, aka wayi gari an sace janaretan mai aski. Kafin azahar labari ya zo cewa an ga irinsa, ja, a gidan maigadin layinmu, dattijon da ya daɗe yana tsaron shagunanmu. Aka je aka ɗauko injin, aka taso ƙeyar mai shi. Ya rantse surukinsa ne ya ba shi. Lambar jikin injin ta goge, mai aski kuma bai taɓa duba tasa lambar ba. Ja ne dai, irin wanda rabin layin ke da shi. Mai walda ya riga ya kira ɗan'uwansa ɗan sanda. In aka tafi da maigadi, aiki ya tafi, kuma babu layin da zai sake ba shi makulli.

Sai mai aski ya tuna. Ya ce, "Baba Filogi ya ɗauki muryar injina lokacin da na kai gyara! A kunna, a ji!"

Ka ga mutanen da ke cewa mutumin nan ɗan leƙen asiri ne, ga su sun cika gaban rumfarsa suna "Baba, Baba". Baba ya shiga ya lalubo kaset ɗin, ya saurara. Ya tayar da injin da aka ɗauko, ya kai wayarsa, ya daɗe yana ji. Maigadi na tsugune, wani ya riƙe masa wuyan riga.

Baba ya ce, "Sun yi kama."

Wuri ya kaure. Mai aski ya juya kan maigadi ya ce, "Kun ji ko! Tsohon banza, mu muna biyanka kana kwashe mu!"

Baba ya ɗaga hannu. Ya jawo wani jan janareta daga cikin waɗanda ke jiran gyara, ya tayar da shi, ya maƙala wa mai aski abin sauraro. "Ɗana, ji wannan."

Mai aski ya ji, ya ce, "Wallahi shi ne! Wannan ma muryar nawa ce!"

Baba ya ce, "To wannan na tela ne. A kama tela?"

Tela ya yi tsalle ya nuna mai aski. "Kai, ni da injina tun kafin ka iya riƙe almakashi!"

Wasu suka yi dariya, mai aski bai yi ba. Ya ce, "Baba, kai ka fi mu kunne. Ka faɗa mana, nawa ne ko ba nawa ba ne?"

"Ban sani ba. Irinsu duk muryarsu kusan ɗaya ce. Ka canja filogi ma, sai ta canja. Ba zan sa a ɗaure mutum da abin da ban sani ba."

Mai walda ya ce, "To duk wannan kaset da ka tara, amfaninsa me?"

"Babu. Daɗin ji yake mini."

Da ɗan sanda ya iso ya ji yadda aka yi, ya ce in babu shaida kar a ɓata masa lokaci. Maigadi ya ɗauki injinsa a ka ya tafi gida.

Kada wani ya ɗauka an yi wa Baba tafi. Mai aski ya daina gaishe shi, ya ja abokansa suka koma wani bakanike. Aka ce Baba da maigadi raba riba suke yi. Ni kaina na zuba ido na daɗe, ko zan ga maigadi ya raɓi rumfar da wani ƙunshi a hannu. Ban gani ba. Janaretan mai aski kuma har yau babu labarinsa. In ka tambaye ni wa ya sata, ban sani ba. Ban wanke maigadi ba, ban kuma kama shi ba.

Amma na san abin da aka miƙa maka ranar, Baba. Shekara da shekaru ana yi wa wayarka dariya, ana raɗa a bayanka. Ranar nan kalma ɗaya za ka faɗa, ka ce "shi ne", da rikodarka ta zama alƙalin layi, duk wanda aka yi wa sata ya zo ya durƙusa maka. Babu mai iya ƙaryata ka, don babu mai jin abin da kake ji. Ni na san mutane da yawa, har da masu manyan riguna, da ba za su bar wannan dama ta wuce ba. Kai ne ka tsaya gaban taro mai zafi ka ce abin da ka fi so a duniya ba shi da amfani, don kada a ɗora shi a wuyan wani. Mai kunne biyu, baki ɗaya.

Har yanzu ban gane me kake ji a cikin wannan zuuu ɗin ba, kuma ban daina tunanin akwai abin da ba ka faɗa mana ba. Bar shi a haka. Mun gode da injinan da ka tayar, mun gode da ranar nan. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya bar maka kunnenka.

Ku kuma masu sana'a, wata rana za a taru a kanku ana jiran ku ce "e". In ba ku sani ba, ku ce ba ku sani ba, ko da za ku rasa masu kawo muku aiki. Maigadi yana nan a bakin aikinsa. Ni dai na ƙara kwaɗo a ƙofar shagona, amma kullum da safe in na gan shi "Maigadi, ina kwana" nake cewa, haka 'ya'yansa ke ji ana kiran ubansu, ba ɓarawo ba. Wannan aikinka ne, Baba.