Ranar Da Nasidi Ya Hau Dutse

Duk wanda ya san ƙauyen Banga ya san Nasidi, manomin gero da wake wanda gonarsa ke gindin wani ƙaton dutse mai sulɓi. Nan aka haife shi, nan ya yi furfura. In hira ta yi daɗi sai ya ce daga kan dutsen ana hango tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda. Sai dai bai taɓa hawa ba. Mutum ne da ko rumbu za a shiga, matarsa Yalwa ke taka tsani, shi yana ƙasa yana ba da umarni.

Bakinsa ne ya ja masa. Patrick, bakaniken da ke gyara masa babur a Kaura Namoda, ya sha jin labarin. Wata Asabar da kaka sai ga shi da matarsa Mwuese.

"Baba, yau sai ka kai mu sama mun ɗauki hoto," in ji Patrick.

"Yau? Ai dutsen ga bai son baƙi ran Assabar."

"Tashi ka kai su, Malam," in ji Yalwa. "Wa ya san hanya in ba kai ba?"

Haka Nasidi ya kama hawa da rarrafe, idonsa a kan diddigen Patrick, yana jan duk addu'ar da ya sani, har da ta cin abinci. Mwuese ta tambaye shi ko lafiya, ya ce masana haka suke hawa.

Da suka isa sama ya zauna daɓas.

"Baba, ina tashar jirgin?" in ji Patrick.

"Da can wajen take. Wataƙila sun matsa da ita."

Sai ya yi ƙarfin hali ya leƙa ƙasa. Ga gonarsa shimfiɗe kamar tabarma, ga kuma awaki sun baje cikin wakensa suna ta ci.

"Awakin Hayatu!" ya kwarara ihu. Hayatu maƙwabcinsa ne, sun daɗe suna takun saƙa.

Tsoro ya gudu. Ya yunƙura, santsi ya kwashe shi, ya taho da gindi kamar buhun da aka saki. Dutse ya ɗauki rana, wando ya rabu biyu tun a rabin hanya. Can ƙasa kuwa, inda dutsen ya yi faɗi, mata sun shanya barkono. A cikin barkonon ya sauka.

An ce har bakin kasuwa an ji kururuwarsa. Duk da haka bai tsaya ba, ya faɗa gona yana tsalle yana fifita bayansa da hula, yana kiran Hayatu da sunayen da ba a maimaitawa. Sai da ya cafko babbar akuyar ya ga igiyar da shi da kansa ya tufka. Awakin gidansa ne, ya fito da baƙi ya bar garke a buɗe.

Ya yi kwanaki yana cin tuwo a tsaye. Hayatu ne ya fara zuwa gaishe shi, ya kuma yi ta roƙonsa ya zauna.