Fikof Ɗin da Na Canja wa Malam Ɗanjuma

Har gobe ban manta da ranar da na sa hannu a takardar da na san ƙarya ce ba. Da za a ce in goge abu ɗaya daga shekarun da na yi ina aiki a birnin Guangzhou na ƙasar Sin, da wannan sa hannun zan goge. Ban ɓatar da kwantena ba, ban ci kayan kowa ba. Wani ɗan ƙarfe ne da bai kai tsawon tafin hannu ba na canja a cikin jitar wani dattijo, ban gaya masa ba.

Bari in fara da yadda aikinmu yake, saboda sababbin zuwa. Ofishinmu yana kan titin Huanshi Lu. Akwai masu karɓar oda, akwai mu masu duba kaya, sai manaja a samanmu. A lokacin ni ne babba a sashen duba kayan sauti: lasifika, amfilifaya, makirfo, yawanci na masallatai da makarantu da masu bayar da haya a wurin biki. Karatuna bai wuce firamare ba, sai gyaran rediyo da na koya a Zariya. Kunnena ne ya ciyar da ni. Kafin a rufe kwali a kai shi sito, daga can a loda shi a kwantena zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha, sai na jona kaya da wuta na saurara. Abin da aka fi tsana a wannan sana'a shi ne ƙugi, wato ƙarar nan da lasifika ke yi alhali ba wanda ke magana. Duk kayan da ya yi ƙugi, mayar da shi nake yi. Akwai kuma doka guda: in za ka canja wani abu daga abin da mai kaya ya nema, ko noti ne, sai ka kira shi ya yarda tukuna.

Wata Laraba da hantsi Hajiya Rabi ta shigo. 'Yar Kano ce, kuloli da tukwane take sara, kuma ta daɗe tana loda kaya ta wurinmu.

"Kawu Sale, yau ba maganar kuloli ce ta kawo ni ba. Saƙon Baba ne."

Mahaifinta, Malam Ɗanjuma, makaɗin kukuma ne. Ya fi shekara arba'in yana kiɗa tare da abokinsa Audu mai kalangu, shi ya ja, Audu ya amsa. Sai ciwon gaɓɓai ya kama shi, yatsun hannun hagunsa suka ƙage, ba sa iya taɓa tsirkiya. Ya rataye kukuma. Ana nan, a wani ɗakin naɗar sauti a Kano ya tarar da wata irin jita ta wani baƙo. Ba a rungumarta, kwantar da ita ake yi a kan cinya. Ba a danna tsirkiyoyinta da yatsu. Guntun ƙarfe mai santsi ake riƙewa a dunƙule, a riƙa zamar da shi a kansu, hannun dama yana tsinkar amo. Hannun da ya ƙage ma zai iya. Ya gwada, sai ga ta tana kuka tana lanƙwasa murya kamar kukumarsa. Hajiya ta naɗi ɗan abin da ya kaɗa a wayarta.

Ta kunna mini, sannan ta kira shi ta miƙo mini wayar.

"Kai ne Bazazzagin da aka ce yana da kunne?" in ji shi. "Ban taɓa jin Bazazzagi mai kunne ba, sai mai baki."

Na ce, "Malam, ai mu muka koya wa Kanawa sauraro."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Ka ji amon nan? Shi nake so. Mai tsami, mai tsini, wanda in ka tsinke shi zai ce tau, ya tafi yana rawa. Ba na son mai zaƙi. Audu ba shi da lafiya, ni ma ga ni nan. So nake mu zauna a ƙofar gida mu yi ko da sau ɗaya, irin na da."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa.

Washegari na tafi wani ɗan ƙaramin wurin ƙera jita a bayan gari, bene hawa na uku. Mai wurin wata dattijuwa ce, Madam Lin, wadda da hannunta take naɗa fikof. Ga wanda bai sani ba, fikof shi ne kunnen jitar lantarki. Maganaɗisu ne aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, a ɗaure shi a ƙarƙashin tsirkiyoyi. Shi ke jin motsinsu ya aika wa amfilifaya. Jita ɗaya, in ka canja mata fikof, ka canja mata murya.

Na ce, "Nihaw, lawban," wato sannu shugaba, na kunna mata sautin. Sau uku ta saurara idonta a rufe. Ta jawo aljihun tebur ta jera mini iri uku. Akwai siriri mai naɗi ɗaya, akwai faffaɗa shi ma mai naɗi ɗaya, sai wani ƙato mai naɗi biyu, mai murfi yana ƙyalli. Da ɗan Sinancina da wayar fassara ta fahimtar da ni. Siririn shi ke ba da amo mai tsini. Faffaɗan ya fi shi kauri kaɗan. Ƙaton kuwa muryarsa cikakkiya ce, mai nauyi, kuma ba ya ƙugi, domin naɗi ɗaya yana kashe ƙugin ɗaya. Ta ɗaga siririn ta ce irin wannan za ta naɗa sabo, ta rage masa waya don ya ƙara kaifi, ta kuma ɗaure shi dab da jakin da tsirkiyoyi ke hawa, inda amo ya fi tsami. Na ce to.

Bayan mako guda na koma dubawa. Jita ta yi kyau. Muka jona ta. Kafin a taɓa ta sai na ji zzzz, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Madam Lin ta zamar da ƙarfe ta tsinki tsirkiya, amo ya fito tau, daidai da wanda ke cikin wayar Hajiya. Wallahi na ji shi. Amma kunnena da ya saba farautar ƙugi bai tsaya a kansa ba. Na tuna wutar janareta a Kano, na ce a can ƙugin zai ninka. Na tuna kuma yadda za a ce kayan da Sale ya duba ne ke ƙugi.

Na nuna ƙaton na ce ta sa shi.

Ta girgiza kai. Ta juya jitar ta nisanta ta da amfilifaya, ƙugin ya ragu. Ta kashe fitilar da ke samanmu, ya ƙara raguwa. Ta ce haka mai naɗi ɗaya yake ko'ina a duniya, masu kaɗa shi sun san da haka. Ta nuna ƙaton ta ce, "Ƙugi, meyo." Sannan ta nuna wayata: "Wannan amon ma, meyo." Wato babu.

Na ce ta sa.

Ta rubuta a wayar fassara ta nuna mini: "Ka kira mai jitar."

Na buga ƙirji na ce ni ne kunnen mai jitar. A raina cewa nake, tsoho ɗan gargajiya me ya sani game da lantarki? Ga mai nauyi, ga mai ƙyalli, ga mai ƙarfin murya. A sana'armu an saba, mai nauyi shi ne mai kyau. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ɗauki sukudireba. Siririn da ta cire ta naɗe shi a takarda, ta yi rubutu a kai, ta mayar cikin aljihun tebur.

A ofis manaja ya riƙe takardar dubawa ya tambaye ni, kamar yadda yake tambaya kullum, "Malam Sale, akwai canji?"

Na ce, "Babu."

Na sa hannu. Kwali ya tafi Nansha.

Kusan wata biyu kafin kaya su isa Kano. Ina cin abincin rana a unguwar Xiaobei waya ta shigo.

"Bazazzagi, ta iso. Allah ya yi albarka." Muryar Malam Ɗanjuma ce. "Amma ita ce kuwa? Irin waccan ce?"

Na ce, "Ita ce, Malam. Har ma ta fi ta."

"Ji nake kamar an rufe ta da bargo. Na tsinka, ba ta ce tau ba."

Nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Kalma goma ta isa. Sai na ce, "Wataƙila sai hannu ya saba."

Ya ce, "To. Ashe ni ne." A hankali ya faɗa, ba da fushi ba. "Hannu ya tafi, kunne ma ya bi shi. Ba komai. Na gode da wahala."

Na ajiye wayar na ƙarasa abincina. Wannan ma ina jin kunyarsa. Na gaya wa kaina zai saba. Duk Juma'a in na fito daga Masallacin Huaisheng na haɗu da 'yan Kano, sai in ji kamar in tambayi labarinsa, sai in fasa.

Wata bakwai Hajiya Rabi ba ta zo ba. Da ta zo, bayan mun gama lissafin kwalayenta nawa ne za su shiga kwantena, na ce, "Yaya Malam da jita?"

Ta ce, "Tana ƙarƙashin gado, Kawu. Kwana uku ya gwada ya ajiye. Baba Audu kullum da la'asar sai ya sa a kawo shi ƙofar gidanmu, da kalangunsa a hammata. Ya ce, Ɗanjuma, fito da abar nan mana. Baba ya ce, ba zan ba ka kunya da tsufana ba, abin da ke fitowa ba kiɗana ba ne. Sai su zauna su yi ta hira." Ta gyara mayafinta. "Baba Audu ya rasu bayan ƙaramar Sallah."

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Sai na kasa ɗaga kaina. Da ƙyar na ce, "Hajiya, zauna. Akwai maganar da zan gaya miki."

Na faɗa mata duka. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Kawu, ba ni za ka gaya wa ba."

Da yammar nan na hau benen Madam Lin. Ban gama bayani ba ta jawo aljihun tebur ta ɗauko ƙunshin takardar. Na tambaye ta me ta rubuta a kai. Ta ce, "Na tsohon nan." Ta ajiye shi ne don ta san za a dawo. Ta zana mini inda wayoyi biyun za su shiga, yadda kowane mai gyaran rediyo a Kano zai iya haɗawa. Na ce, "Shiyeshiye, lawban," wato na gode. Ta kaɗa mini hannu in tafi.

Daga nan na je wurin manaja na ce takardar nan da na sa wa hannu ƙarya ce. Ya rubuta mini gargaɗi a fayil, kuma daidai ne. Sannan na kira Malam Ɗanjuma. Na yi masa ta'aziyya, na ce, "Malam, ba hannunka ba ne, ba kunnenka ba ne. Ni ne. Abin da ka nema an yi maka shi daidai, ni na sa aka cire."

Sai na ji ya ce:

"Wato kunnena lafiya lau?"

"Lafiya lau, Malam."

"Alhamdulillahi," in ji shi. Ya sake cewa, "Alhamdulillahi." Sai daga baya ya ce, "Da ka faɗa tun Audu na nan."

Hajiya ta tafi da fikof ɗin a jakar hannunta. Bayan kwana goma saƙon murya ya shigo wayata ina cikin sito. Na fita waje na kunna. Abin da na fara ji shi ne zzzz, ga kuma janareta daga nesa. Sai tau. Amo ya tashi siriri, mai tsami, ya zame sama ya lanƙwaso yana rawa. Ya ja kaɗan, sai ya tsaya, ƙugi kawai ke tafiya. Ya sake ja, ya sake tsayawa. Haka har ƙarshe. Na ɗauka hannun ne ke gajiya.

Sai muryarsa ta shigo. "Bazazzagi, ka ji ta? Ita ce. Ƙugin nan da ka tsorata da shi, kukumata ma tana da irin nata ƙugin, ban taɓa jin wanda ya bar wurin biki saboda shi ba. Na yafe maka, kar ka ɗauke shi a rai. Wuraren da ka ji na yi shiru kuwa, ba mantuwa ba ce. Wurin Audu ne. Nan yake amsawa."

Na zauna a kan wani kwali a bakin sito, na daɗe ban tashi ba.

Saƙon yana nan a wayata. Na canja waya sau biyu, kowane lokaci sai na sa an mayar mini da shi. Ya yafe, amma shirun nan da ke tsakanin kiɗan ni na sa shi a wurin, kuma babu abin da zan aika a kwantena ya cike shi.

Ku da kuke duba kaya yanzu, kun fi ni karatu, na'urorinku sun fi kunnena. Amma abin da kuka saba kira aibi a kaya ɗari, a na ɗari da ɗaya yana iya zama shi ne abin da mai kayan ya aiko nema. In mai sana'a ta ce muku a'a, ku tsaya ku ji dalilinta. In za ku canja ko da noti ne, ku kira mai shi. In kuma kun riga kun yi kuskuren, ya tambaye ku, "Ita ce kuwa?", ina roƙonku don Allah ku faɗa masa a ranar. Kar ku bar mutum ya zargi hannunsa a kan laifinku.