Kawu Yana Karin Kumallo

A asibitin dabbobi, dattijon da ke gefena yana rungume da kwano, a ciki kunkuru ne kwance kan tsohon tawul. Rigar dattijon duk ta yamutse, amma bayan kunkurun sai sheƙi yake. Da gani ka san wanda ake ji da shi a gidan.

"Kwana tara Kawu bai ci komai ba," in ji shi. "Shekara hamsin muna tare."

Yana ta miƙa wa kunkurun ganyen latas. Can sai ga kai ya leƙo, ya gatsa.

Likita ta kira dattijon. Ya share ido, ya nuna ni, ya ce ƙasa-ƙasa, "Alhamdu lillahi. 'Yata, fara da wannan. Kawu ba ya son a katse masa ci."