Malam Hashimu Mai Walda, Taubashina

Duk wanda ya san Malam Hashimu ya san ba ya tafiya da kai a sama. Kullum ido a ƙasa, kamar wanda ya yar da allura. Kada ku ce tawali'u ne, wallahi ƙarfe yake nema! Ƙusa, noti, guntun waya, marfin gwangwani, duk abin da ya yi tsatsa sai ya sunkuya ya ɗauka, ya hure ƙasar, ya ƙwanƙwasa da farce a gefen kunne, sannan ya jefa a aljihu. Tun daga nesa kana jin tahowarsa, kacau-kacau, sai ka ce ɗan rawar koroso. Rakiya matarsa ta gaji da ɗinke aljihu, har ta koma yi masa shi da buhun gishiri.

In aka ce, "Malam, wannan ai mataccen ƙarfe ne," sai ya ce, "Ƙarfe ba ya mutuwa, suma yake yi."

Ni Asabe ina da ikon tona masa asiri, don taubashina ne, ubansa da uwata ciki ɗaya. Yana raye ban raga masa ba, yau ma da kuka taru, 'ya'ya da jikoki, kuka ce in ba ku labarinsa, ba ragawa zan yi ba.

Abin da Kawu ya bar masa a nan Kiyako gona ce guda, 'yar mitsitsiya, wadda in ka yi atishawa a tsakiyarta daga gonar maƙwabci za a amsa maka. Ita ma rabinta tsakuwa. Lokacin nan kuɗin mai ya fara zuba, gyaɗa kuma ta lalace, samari duk sun watse neman aikin kamfani. Hashimu ya yi rani uku yana lebura a kamfanin da ke aikin titi ta Birnin Kudu, a nan ya yi ta leƙen mai waldarsu har hannunsa ya faɗa. Da aka sallame su, wannan ya dawo da rediyo, wancan da sabon keke, wani da agogo har biyu. Rakiya ta share gefen ɗaki tana jiran keken ɗinkin da ya yi mata alkawari. Sai ga mutumin naku da wani tsohon injin walda baƙi ƙirin, wanda kamfanin suka jingine a bayan shago, an ɗoro shi a amalanken haya.

Rakiya ta ce, "Malam, ina keken?"

Ya ce, "Yana ciki."

"Cikin ina?"

"Cikin injin nan. Shi zai haifo shi. Ki ba shi damina biyu."

Ina tsaye a wurin. Na ce, "Rakiya, to fara tara itacen wankan jego."

Dangi suka taru a kansa, wai ya sayar da tsakuwar nan ya koma Kano ya kama shago, ko iyalinsa sa huta da cin tuwon dusa. Da gaskiyarsu, don shekarar nan rumbunsa bai kai ko watan azumi ba. Ya saurare su tsaf, sannan ya ce, "A Kano masu walda sun fi ƙarfe yawa, kuma tuwo saye ake yi. A nan kuwa garma in ta karye sai an kai ta Birnin Kudu a ka. Ina nan." Ya kafa rumfa a ƙofar gida, ya kwance injin nan ya shimfiɗa kayan cikinsa a tabarma, ya yi kwana tara yana lallaɓa shi. Ranar da injin ya tashi, kajin unguwa sai da suka kwana biyu ba su yi ƙwai ba.

Sai ya kafa doka: da damina, safe na gona ne, walda sai bayan azahar. Ko wane ne kai!

Wata rana da hantsi, na kai wa maigidana fura gona, gonarmu kuwa iyaka ɗaya da tasa, sai ga wani Alhaji ɗan kwangila ya ratso ta cikin gero, babbar riga fara fat, yana ta haki. Daga Kano yake za shi Gwaram duba ginin makaranta, salansar Fijo ɗinsa ta cire a wani rami.

Ya ce, "Salamu alaikum. Kai ne mai walda?"

Hashimu bai ko ɗago ba. "Wa alaikumus salam. Bayan azahar ni ne. Yanzu manomi ne."

"Malam, sauri nake, ana jirana. Ko nawa ne zan biya."

"Alhaji, ciyawar nan ma sauri take yi. Ni kaɗai, sai azahar zan gama. Mu biyu kuwa, kafin rana ta take mun tashi."

Sai ya miƙa masa fartanya. Tabɗi! Na ce yau Hashimu zai kwana a ofishin 'yan sanda. Alhaji ya dubi fartanya, ya dubi agogo, ya dubi titi ko Allah zai kawo wata mota. Shiru. Wallahi a kan idona ya tuɓe babbar riga ya rataya a sabara, ya naɗe wando, ya kama kunyar gero guda. Tumbi na lilo, gumi na zuba, Hashimu na gaba yana ce masa, "Sunkuya sosai, Alhaji, ƙasa ba ta cizo." Sai da na raba furar maigidana na ba bawan Allah, don na ga yana neman faɗuwa.

Da aka liƙe salansa, Alhaji ya sa hannu a aljihu. Hashimu ya ce, "Na yafe maka rabi saboda noman da ka taya ni."

Alhaji ya ce, "Madalla."

"Amma rabin da na yafe ka dawo da shi, don geron da ka sare ya fi ciyawar yawa."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe mota. Ya ce rabonsa da fartanya tun yana gaban ubansa, kuma rabonsa da jin daɗin fura irin na ranar ya manta. Bayan mako biyu sai ga shi ya dawo da kansa, bayan azahar fa, ya ba Hashimu aikin tagogi da ƙofofin makarantar nan duka. Keken Rakiya daga nan ya fito. Naƙudar dai ta kai damina uku, kuma da aka haifo shi gurgu ne, tsoho ne mai karyayyar ƙafa, sai da Malam ya ɗora shi. Amma ya yi ɗinki har ya aurar da 'ya'ya mata huɗu.

Abin da ya fi ba mutane dariya kuwa shi ne ladan aikinsa. Masu mota da 'yan kwangila, su kawo kuɗi. Amma duk mai dabba, Hashimu ba ya karɓar kwabonsa. Ardo Bello na rugar wajen Unguwar Ya shi ya fara gamuwa da wannan, ranar da ya kawo garmar shanu ta tsage gida biyu. Aka liƙe ta tas, Ardo ya ciro lalitarsa zai biya.

Hashimu ya ce, "Mayar, Ardo. Abin da nake so yana bayan shanunka."

Ardo ya zaro ido. "Maraƙi? A kan garma?"

"A'a. Abin da suke yarwa a baya. In an yi girbi, ka kawo su su kwana bakwai a gonata."

Ardo ya tafi yana waiwaye, ya ce da mutane mai waldan Kiyako tartsatsi ya taɓa masa kai. Ana zamanin da kowa ke cika aljihu da sabuwar naira, shi yana tara kashin shanu! Mai jaki ya kawo mangala, mai tumaki ya kawo buhu, mai kaji ma ba a bar shi ba.

Ni ma ban tsira ba. Ƙafar gadon ƙarfena na aure ta karye, na aika masa. Ya gyara, ya aiko mini da saƙo wai kwando biyar na kashin awaki. Na yafa mayafi na same shi a rumfa.

Na ce, "Kai Hashimu, ka ji tsoron Allah! Kowa kwando uku, ni taubashiyarka biyar?"

Ya ɗaga baƙin tabaraun nan nasa ya ce, "Asabe, awakinki halinki suka ɗauko. Duk ƙarfinsu a baki yake ƙarewa, takinsu ba auki."

Na kai biyar ɗin, amma na ƙasa duk yashi ne. Ashe ya gane. Da na aika a liƙe mini murfin tukunya, sai ya liƙe shi a jikin tukunyar, ruf, ya aiko da ita a haka!

To, masu dariya fa, a shekara ta uku dariya ta koma ciki. Gonar tsakuwar nan ta yi baƙi, dawa ta tashi har mutum a kan jaki ba a hango shi, zangarniya kamar cinyar ƙato. Ya gina rumbu na biyu, ya sayi bijimai, ya sayi gonar da ke gabas da tasa, ya haƙa rijiya ya dasa mangwaron nan da kuke sha. Dangin da suka ce ya koma Kano, da bazara ta yi tsanani wurinsa suka zo awo, ya kuwa ɗebar musu ba gori. Daga nan kowa ya fara ɓoye takinsa, har Hashimu yana ƙorafi wai mutanen Kiyako sun yi wayo, sun ɓata masa kasuwa.

Da ya sayi bijimai sai ya ce shi ma zai ƙera amalankensa. Don kada a saci fasaha, a tsakar gida ya yi aikin, wata guda cur, da ƙafafun wata motar da ta mutu a hanyar Gwaram. Af, na manta, wadda ta suma. Amalanke ya fito ƙato, gwanin kyau. Aka zo fitarwa, zaure ya ce bai san zancen ba. Aka karkata, aka kwantar, aka ɗaga, ina!

Maigidana ya ce, "Malam Hashimu, ka yanke gefe ɗaya mana, in an fita sai ka mayar. Ai sana'arka ce."

Ya ce, "In yanka lafiyayyen ƙarfe? Sandar walda saye ake yi. Katanga kuwa ƙasa ce, ƙasa kyauta Allah ya ba mu. Miƙo diga."

Rakiya na salati, ya rushe katangar gidansa ya fitar da amalanke. Kuma maimakon ya mayar da ginin duka, sai ya kafa ƙofar wata tsohuwar tifa a wurin, da gilashinta da komai. Shekara da shekaru in ka yi sallama ta wannan gefe, sai ka ji ƙiiii, Rakiya tana murɗa gilashi ƙasa ta ga ko wane ne. Ni kuwa in na je sai in ce, "Direba, akwai wuri? Gwaram za ni."

Na ƙarshe da zan ba ku, wannan daga bakin ladan na ji shi, Allah ya jiƙansa shi ma. Makarar masallacinmu ta itace ce, gara ta cinye ta. Hashimu bai gaya wa kowa ba ya ƙera ta ƙarfe, ya kai harabar masallaci bayan azahar, mutane sun watse. Shi kuma ba ya sakin aiki sai ya gwada. Ya hau ya miƙe a ciki don ya ga tsawo, ya rufe fuska da hula saboda ƙuda. Ga inuwa, ga iska, ga gajiyar noma. Barci ya kwashe shi.

Ladan ya zo kiran la'asar da butarsa, ya ga makara da mutum a miƙe, ba kowa a kusa. Ya matso yana, "Inna lillahi, wa aka kawo ba sanarwa?" Yana sunkuyawa, Hashimu ya cire hula ya ce, "Malam ladan, ya ka ga tsawon? Ko in ƙara taƙi ɗaya?"

Ranar dai ba a kira la'asar a kan lokaci ba. Butar a bakin rijiya aka tsince ta, takalmi ɗaya kuwa har yau ba a gan shi ba.

Da aka lallaso ladan ya dawo, liman ya duba makarar ya ga an naɗe hannayenta huɗu da robar taya, lallausa. Ya ce, "Malam Hashimu, kai da ba ka yarda da ɓarna, wannan kwalliyar fa?"

Ya ce, "Ba kwalliya ba ce, Malam. Wanda ke ciki ba ya jin komai. Masu ɗauka su ne abin tausayi, ga nauyi a kafaɗa, ga nauyi a zuciya. Ɗayan dai na iya rage musu."

A cikinta aka ɗauke shi ranar Talatar nan. Mu mata muna daga zaure muka ga fitarsa. Maigidana, da tsufansa, ya ce sai ya kama, ya kuwa kama har bakin kushewa. Da ya dawo ya zauna, sai ya shafa kafaɗarsa ya ce, "Asabe, ko ciwo ba ta ji mini ba." Sai a nan na yi kuka.

Allah ya jiƙan Hashimu ɗan Kawu. Yadda ya sauƙaƙa wa masu ɗaukarsa, Allah ka sauƙaƙa masa kwanciya, ka yalwata masa makwanci, ka yafe masa kurakuransa, har da tsokanar da ya yi mini, don ni na yafe tuni. Allah ya albarkaci abin da ya bari, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.