Ƙafar Maigidana da Motar Saje

Ni 'yar mahauta ce, kuma ban taɓa ɓoye haka ba, ko a gidan mijina a unguwar Koki inda ake faɗar sana'ar ubana da ƙaramar murya. Su dukawa ne, asalinsu Barno. Fatar da suke ɗinka takalma da ita daga hannun Babana take fitowa, to ni ban ga abin ɗaga hanci ba.

Babana ya yi dambe a ƙuruciyarsa. Bai sami ɗa namiji ba sai da furfura ta kama shi, don haka ni yake ɗauka zuwa kasuwar shanu in riƙe masa igiya. A nan na ga yadda ake duba sa kafin a taya: a buɗe baki a ga haƙora, a matsa tozo, a ɗaga kofato, sannan a kora shi ya taka a ga ko yana ɗingishi. Ranar da zan fara fita talla kuma ya tsayar da ni a zaure ya ce, "In namiji ya tare miki hanya, kada ki dubi fuskarsa. Dubi ƙafar da ya ɗora nauyinsa a kai. Ki sa taki ta bayan diddigensa, ki ture ƙirjinsa, sauran aikin ƙasa za ta yi miki." Ya sa na yi ta taɗe shi har na iya. Sau biyu na yi amfani da abin kafin aure, kuma duk su biyun ba su sake bin lungunmu ba.

Da yaƙin basasa ya ɓarke ina goyon 'yata ta biyu. Lokaci ne da kowa ke kallon kowa. In baƙo ya tambayi hanyar masallaci, sai an tambaye shi garinsu da sunan mai unguwarsu. Mai rediyo ɗaya ne a layinmu, maza su taru a ƙofarsa, su dawo gida kowa da irin labarin da kunnensa ya zaɓa. Yau a ce jirgin yaƙi zai zo, gobe a ce an kama wani da takarda a cikin hula.

A cikin wannan hali wani mutum ya bayyana a unguwa. Saje ake ce masa. Ya ce tsohon soja ne, an sallame shi, ya zo ne ya koya wa mazan unguwa yadda za su kare gidajensu in abin ya iso cikin ganuwa. Ba ya karɓar ko kwabo. Wannan ne farkon abin da ya tsaya mini a rai, don a gidanmu ko jini aka kwasa daga mayanka sai an san dalili. Na tambaya wa ya kawo shi, aka ce mai unguwa ya san da shi. Na tambaya gidan wa yake kwana, wannan ya ce a unguwar Shahuci, wancan ya ce a Kabara.

Akwai kango a bayan gidanmu, nan suke taruwa bayan la'asar. Maigidana mutum ne mai sanyi, tun da nake da shi bai taɓa ɗaga wa kaza hannu ba, amma shi ma ya ajiye basilla ya tafi. Ni kuwa ina cikin kulle, sai na ƙirƙiri shanyar kuɓewa a saman soro. Ban taɓa shanya kuɓewa irin ta shekarar nan ba. Ina tsugune bayan rawanin katanga ina kallon komai.

Gaskiya ɗaya ce, Saje ya iya. Satin farko ya koya musu yadda ake kwance hannu in an riƙe ka, da yadda ake karɓe sanda a hannun mai sanda, da yadda ake faɗuwa ba a karye ba. Har na fara jin kunyar zargin da nake yi masa. Sai a sati na biyu ya jera su, ya ce kowa ya tuɓe riga. Ya zaro zare daga aljihu yana zagaya ƙirjinsu da shi. Ya sa suna buɗe baki. Ya ce kowa ya ɗaga tafin ƙafa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana dannawa da babban yatsa, sannan ya sa suka taka daga bango zuwa bango yana tsugune yana kallon sawunsu. Na san wannan dubawar tun ina riƙe igiya.

A cikinsu akwai wani masaƙi da kurkunu ya taɓa ci masa ƙafa, yana ɗan jan ta. Duk ya fi su iya kwance riƙo, da idona na ga ya kayar da ƙarti biyu. Ranar nan Saje ya dafa kafaɗarsa ya ce ya huta haka nan, ya koma gida. Na ce a raina, in don kare gida ake yi, ai mai ɗingishi ya fi kowa bukata, tunda shi ba zai iya gudu ba.

Da na kai wa maigidan abinci na zauna nesa kaɗan na ce, "Malam, mutumin nan fa taya ku yake yi."

"Taya mu kamar yaya?"

"Kamar yadda Baba yake taya sa."

Ya yi dariya har ya ƙware. "Ke komai a wurinki mayanka ne. To in ya saye mu wa zai ci? Ni ko romo ba zan yi ba."

"Me ya sa ya kori masaƙi?"

"Ya ce kada ya fama ciwonsa. Tausayi ke nan, in ba ki san shi ba." Ya ɗago kai. "Wai ma a ina kika ga an kori masaƙi?"

Na ce kuɓewa ce ta gaya mini. Bai yi dariya ba wannan karon.

Na aika wa Babana. Ya zo da 'yar tsokarsa a ganye kamar yadda ya saba, ya gaisa da surukata, sannan ya zaga kango ya zauna a kan bulo kamar mai hutawa. Da ya dawo na tare shi a soron ciki.

"Baba, me ka gani?"

"Ya san faɗa."

"Ba shi na tambaya ba."

Ya daɗe yana tauna goro. "Ni dai in na ɗaga kofato, ba kiwo zan yi ba. Amma ban san zuciyarsa ba, ke ma ba ki sani ba."

"To ka yi wa Malam magana."

Ya yi masa, a zaure, ina jin su. Ya ce a fagen dambe in aka miƙo maka hannu ka ga ba tsaranka ba ne, kana iya girgiza kai ka koma ka zauna, ba wanda zai ce ka ji tsoro, kuma da kaka mai zuwa kana nan da haƙoranka. Maigidana ya sunkuyar da kai irin na kunyar suruki yana "haka ne, Baba, haka ne." Na san wannan "haka ne" ɗin. Ko a jikinsa.

Ba a yi kwana goma ba Saje ya ce ya zaɓi waɗanda suka fi ƙwazo, mota za ta zo ranar Asabar da safe ta kai su babban fili a ƙara musu horo na sati biyu, su dawo su tsare ƙofofin gari. Maigidana yana ciki. Ya shigo gida fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka. Surukata ta kama yi masa dambun nama, ta aika a rubuto masa laya. Shi kuma ya zauna ya ɗinka wa kansa sababbin takalma, ya yi musu ƙasa biyu.

Na ce, "Wane fili ne? A wane gari?"

"Ba a faɗa. Sirrin soja ne."

"Ashe soja ne."

"Ke dai ba a iya miki."

"In sati biyu ya cika ba ka dawo ba, wa zan tambaya? Mutumin da ba a san inda yake kwana ba?"

Ya ce duk unguwa an san sunayen waɗanda aka zaɓa, in ya noƙe yanzu da wane ido zai zauna a ƙofar mai rediyo. Daga nan na san magana ta ƙare.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci surukata ta tafi barka maƙwabta. 'Yan yaran suna barci. Na same shi a tsakar gida yana shafa wa takalman mai. Na saki fuska, abin da na kwana biyu ban yi ba, na ce, "Malam, tunda tafiya ta tabbata, ka nuna mini ko abu ɗaya mana. In wani ya faɗo gidan nan ba ka nan fa?"

Ya ji daɗi, Allah sarki. Ya miƙe ya naɗe hannun riga. "Yanzu kika yi magana. Zo nan. Kamo wuyan hannuna, ki riƙe da ƙarfi, ki ga yadda zan kwance."

Na matsa da shi a hankali har bakin rariya, inda daɓe ya zaizaye ya yi rami. Na kama hannun. Yana ta bayani, juya nan, murɗa can, ni kuwa idona yana ƙasa. Nauyinsa duk a ƙafar dama yake. Na sa tawa ta bayan diddigensa na ture ƙirjinsa. Baba ya koya mini in janye ƙafata da zarar mutum ya tafi. Ranar nan ban janye ba, na danne tasa a cikin ramin har ya kai ƙasa. Na ji ƙarar idon sawun a cikin cikina. Har yau in ana karya kara a murhu sai na juya kai.

Bai yi ihu ba. Ya kwanta yana numfashi, gumi ya keto masa, ya dube ni ya daɗe.

"Kin san abin da kika yi."

"Santsi ne, Malam. Na sha faɗa a gyara rariyar nan."

"Rabon da a zubar da ruwa a nan tun safe."

Na tafi na aika a kira mai ɗori. Da surukata ta dawo tana salati tana tambaya, shi da bakinsa ya ce mata santsi ne.

Da safe Saje ya zo. An fito da maigidan zaure an jingina shi da bango, ni ina bayan ƙofa ina leƙe ta tsagar katako. Saje ya yi sallama, ya tsuguna, bai tambayi yadda aka yi ba. Ya kama ƙafar ya juya ta, ya danna kumburin da babban yatsa.

"Mai ɗori ya ce kwana nawa?"

"Arba'in, kafin in taka sosai."

Saje ya miƙe ya goge hannunsa a wando. Sai da ya kai bakin ƙofa ya ce Allah ya sawwaƙe. Muna ji motar ta tashi daga bakin titi, maza suna ta yi musu addu'a.

Sati biyu ya cika ba su dawo ba, wata biyu ma haka. Saje bai sake taka unguwar ba. Bayan an gama yaƙi wasu sun dawo, ɗaya har da igiyar muƙamin soja a hannun riga da kuɗin gina gida, wasu kuma iyayensu sun gaji da jira an yi musu addu'ar uku. Na sa an tambayar mini ɗaya daga cikin waɗanda suka dawo, ya ce ba wanda ya tilasta su, a can filin aka tambaya wa ke son ya wuce bakin daga, kuma ba mai iya cewa a'a a gaban 'yan unguwarsu. Ko Saje ya san haka za a yi, ko shi ma aiko shi aka yi bai sani ba, ban sami wanda zai gaya mini ba. Ni dai ban janye zargina ba.

Bayan karayar, maigidana kwana tara bai ci abincina ba, sai na uwarsa. In na shiga ɗakin ya juya fuska bango. A waje ana cewa ya ji tsoro ne ya karya kansa, yana ji, bai tanka ba. Ƙafar kuma ba ta koma daidai ba, duk sanyi sai ta motsa masa, da ɗan ɗingishinsa ya rayu har ya aurar da jikoki.

Rana ta goma na kai masa tuwo da miyar kuɓewa na ajiye, na juya zan fita kamar kullum.

"Ke."

Na tsaya.

"Duk ƙafafuwan nan biyu, sai wadda nake danne fata da ita kika gani?"

"A kanta ka tsaya, Malam."

Ya yi tsaki, ya jawo kwanon ya buɗe. Ya ce miyar ta yi gishiri, ya kuma ce in miƙo masa ruwan wanke hannu.