Baba Mai Kududdufi da 'Yar Huɗu

Kafin masu shara su iso lambun makarantarmu, Baba ya riga ya shiga kududdufin da ke bayan ɗakin gwaji. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana wannan aiki, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa Baba Mai Kududdufi yake ce masa. Yakan tsince leda, ya ture kainuwa gefe, don wata 'yar ciyawa ta samu rana. Ganyenta huɗu ne a kan siririn kara, kwance bisa ruwa, da yamma su naɗe. Shi ya raɗa mata 'yar huɗu. Ba ta fure, saiwarta ce ke rarrafe cikin laka.

Ni da nake koyar da ilimin tsirrai, a littafi na san ta. A tafin Baba na fara taɓa ta.

Wata shekara ruwan ya ƙafe ƙaf, ƙasa ta tsattsage. Sabon shugaban makaranta ya zo zagaye, ya ce a cike ramin a yi wurin ajiye motoci. Mu malamai muka yi tsit, har da ni, kuma kunyar abin ba ta sake ni ba. Baba ne ya tsuguna ya tone busasshiyar laka, ya tsinto wani baƙin ƙwallo da bai kai ƙwayar wake ba.

"Ranka ya daɗe, a ba ni kofin ruwa da awa ɗaya."

Shugaba ya yi dariya. "Baba, ai wannan kashin akuya ne."

"To, a dai zuba masa ido."

Baba ya kankare gefen ƙwallon da wuƙa, ya jefa a kofin. Kafin awar ta cika ƙwallon ya buɗe, wani farin zare mai yauƙi ya miƙo, ɗauke da ƙwayoyin da sabuwar ciyawa ke tsirowa daga cikinsu.

"Ba ta mutu ba, ruwa take jira," in ji Baba. "Dubbai na nan ƙarƙashin takalminka."

Shugaba ya ɗaga ƙafa a hankali, ya koma gefe. Har yau a bakin ƙofa ake ajiye motoci.

Baba, kai ne ka yi magana ranar da masu digiri suka haɗiye tasu. Ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki, jiki ya gaji. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

Jiya na tambayi Baba wa zai gaje shi. Ya ƙare wa farar rigata kallo, ya ce, "Malam, ruwan fa bai kai gwiwa ba."

Na sayi dogon takalmin roba na shiga ruwa. Duk wanda ya yi shiru tare da ni a ranar nan, ya sayo nasa, mu haɗu a bakin kududdufi Litinin da safe.