Tallan da ya katse karatun Malam

Inna, mahaifiyata, tana cikin takaba na kai mata talabijin ɗin nan mai haɗuwa da intanet. Ni na ɗauko shi daga Kaduna, na sa aka kafe shi a bangon ɗakinta a gidanmu na Ƙofar Jatau, ina ta jin kaina na yi abin kirki.

Malam, mahaifinmu, ya daɗe yana karantar da tafsiri a zaure, ɗalibansa suna naɗa a kaset. Da kaset ɗin suka fara lalacewa sai na juye karatun, na ɗora a wani babban dandalin bidiyo na ƙasar waje. Tunda Inna za ta yi wata huɗu da kwana goma a ɗaki, ba fita ba kwalliya, na ce ko ba komai ta riƙa jin muryarsa.

A gidanmu ba a katse Malam idan ya ɗauki aya. Mai sallama yakan tsaya a bakin zaure sai ya kai ƙarshe. Inna kanta, in tana daka, takan riƙe taɓarya a sama har ya dire.

Ranar da na kunna mata, bayan la'asar ne. Muryarsa ta cika ɗakin, har da ɗan tarin nan da yake yi kafin ya fara. Inna ta sunkuyar da kai, leɓɓanta na bin nasa. Yana tsakiyar aya sai muryar ta ɗauke, kiɗa ya ɓarke, wasu mata suka fito suna rawa suna tallan turare. Na rarumi rimot ina ta dannawa, abin ya ce sai na jira. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

"Wa ya katse shi?" in ji Inna.

Na ce talla ce, kamfanin ne ke sakawa, da haka suke samun kuɗi.

"Sun san shi?"

"Ba su san shi ba, Inna."

"Kai ka ba su muryar?"

Na ce ni ne. Na shiga rantse-rantse cewa zan zuba mata karatun a filashi, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa talabijin, babu talla ko ɗaya. Ta dubi talabijin ɗin, wanda ko kunna shi aka yi sai ya fara jera hotunan finafinan da ba wanda ya nema.

"Abin da ke shigo wa mutum ɗaki ba sallama, ban yarda da shi ba. Ka karɓo muryar ubanka a wurinsu."

Na goge karatun daga dandalin a gabanta. Ta tambaye ni ko yanzu babu sauran komai a hannunsu. Na so in ce babu, amma ni kaina ban sani ba, kuma har yau ban sani ba. Ta dubi fuskata, ta kuwa gane.

Ta sa na zare wayar talabijin ɗin daga bango. Na zaci shi ke nan, na raba ta da ɗan abin da ya rage mata na mijinta, har ƙwalla ta cika mini ido. Sai ta gyara zama a kan tabarma, ta yi ɗan tarin nan nasa, ta ɗauko ayar daga daidai inda aka katse shi. Na tsaya cik da wayar a hannuna har ta dire.